An rufe fayil ɗin Ummi, Alhamdulillah

Salamu alaikum jama'a. Jiya muka yi zuwanmu na ƙarshe asibiti kan gwajin maganin 'yata Ummi, likita ta rufe fayil ta rungume Ummi, ni kuwa hawaye suka ƙi tsayawa, shi ne na ce bari in zo in yi godiya da zafi-zafinta.

Ga waɗanda ba su sani ba, ciwon nata SMA ake ce masa, na gado ne, jijiyoyin laka masu motsa tsoka ne ke lalacewa a hankali. Ni da Abbanta duk muna ɗauke da shi ba mu sani ba, kamar dai yadda AS da AS ke haifar sikila. A gida har shan inna an ce.

Lokacin da aka kira mu nan Faransa a 2017 maganin da lamba ake kiransa, RG7916. Allurar Spinraza, wadda ita ma ta SMA ce, ta riga ta fito a Amurka ƙarshen 2016 amma ita a gadon baya ake yin ta duk wata huɗu, wannan kuwa ruwa ne a ja a sirinji a ɗiga a baki sau ɗaya kullum. Ba su ɓoye mana komai ba, cikin yara uku ɗaya maganin bogi zai fara sha kuma ko likita ba ta san waye ba, sannan maganin da aka gwada kafin shi an dakatar don ya taɓa idon birai, shi ya sa suka yi ta haska idon Ummi har ta tsani ɗakin. Wallahi daren da zan sa hannu ban runtsa ba.

Abban Ummi, Allah Ya biya ka, kai ka sha ɗaukarta a matattakalar jirgin ƙasa. Inna da ke Maraɗi da ba ta taɓa fashin kira ranar ɗibar jini ba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maman Hanan da ke riƙe min ƙannenta, da nas ɗin nan da ta koyi cewa "sannu" saboda Ummi, na gode na gode. Sai iyayen da muka yi zaman benci tare, ba ma jin yaren juna sai kallo.

A Agustan 2020 Amurka ta amince da maganin, yanzu Evrysdi ake ce masa. Kar a ce ta warke fa, har yanzu a keke take. Amma da safen nan ita ta riƙe kofin kununta da kanta har ta shanye, ta ɓata rigar makaranta, na ma rasa bakin faɗa.