Daren da iska ta kwanta a bakin Telwa

Laraba, tsakiyar Janairu, a garkarmu da ke bakin ƙoramar Telwa, arewa maso gabas da Agadas.

Bayan sallar asuba, ma'aunin zafi da ke rataye a jikin dabino daidai ƙirji ya nuna digiri 4. Na biyun, wanda ke kwance kan dutse a kusurwar gangare tsakanin komayen tumatir, ya nuna sifiri. Tsakanin su biyun bai kai taku arba'in ba. Wanda ke da ma'auni ɗaya tak, ya sauke shi ƙasa daidai tsayin shuka, a wurin da ya fi kwari a garkarsa, domin can ne ɓarna take farawa. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. Cikin dare takan gangaro kamar ruwa, ta bi tudu zuwa kwari, inda ta samu abin da ya tare ta sai ta kwanta.

Abin da ya tare ta a nan kuwa darni ne. An kewaye gefen gangaren da zana mai kauri saboda awaki, sai zanar ta zama madatsa, sanyi ya taru a bayanta. Jeri biyu na tumatir da ke jingine da ita sun ƙone. Da sassafe ganyen kamar an zuba masa ruwan zafi, kore mai duhu, ya yi laushi ya langaɓe. Kafin azahar bakinsa ya yi baƙi, yana murmushewa a hannu kamar busasshiyar kuka. Jeri na uku, taku biyar kacal zuwa sama, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Maganin ba wuya: an ɗage zanar daga ƙasa kamar santimita 40 a wuri uku, aka cike gurbin da ƙaya, akuya ba ta shiga, sanyi kuma ya samu hanyar wucewa zuwa ƙorama. Shingen arewa maso gabas, inda hunturu ke bugowa, shi ba a taɓa shi ba, sai dai shi ma ba a son shi toshe ƙam. Wanda iska ke ɗan ratsawa ya fi kare shuka, yana rage mata ƙarfi har nisan da ya kai tsayinsa sau goma. Toshasshe kuwa iska tsallake shi take yi ta faɗo da ƙarfi a bayansa.

Tumatirin da ya ƙone ba a yanke shi yau ba, kuma ba za a yanke ba sai bayan kwana uku ko huɗu. Mataccen ganyen sama yana yi wa na ƙasa rumfa, sannan sai an jira ake gane inda itacen ya mutu da inda yake da sauran rai. 'Ya'yan da suka ƙosa, waɗanda sanyi bai shiga ba, an tsinke su an tsaga biyu an shanya a kan tabarma don kauɗa. Waɗanda suka yi ruwa-ruwa kamar an dafa, na awaki ne.

Mutane da yawa suna tsoron ranar da jaura ke kaɗawa, ƙura ta rufe duwatsun Abzin har ba a hango su. A wajen mutum da dabba gaskiya ne, ranar ta fi ciwo. A wajen shuka kuwa ba ita ce abar tsoro ba. Ƙura da hazo bargo ne, suna mayar wa ƙasa wani abu daga ɗumin da take fitarwa, iskar kuma tana cuɗa ta sama da ta ƙasa. Daren da ake kwana da fargaba shi ne wanda iska ta kwanta lum tun la'asar, sama ta washe, taurari suka fito tar. A ƙasar da ruwan shekara guda ba ya cika kaiwa milimita 200, babu laima a sama da za ta riƙe zafi, duk abin da rana ta zuba wa ƙasa sai ya tsere kafin gari ya waye. Mafi tsananin lokacin shi ne daf da fitowar rana, ba tsakar dare ba. Mu nan gaba da garin Dabaga sanyin bai kai na masu garka a kan Bagzan ba, dutsen da ƙololuwarsa ta kai mita 2,022, inda ruwa ke kwana a kwano ya wayi gari ƙanƙara. Amma sifiri guda ya ishi tumatir.

Da hantsi aka tada injin ban ruwa, bai kama ba sai a ja na shida. Ba fulogi ba ne, matatar iska ce ta cika da ƙura. A wannan wata soson matatar yana son wanki duk mako: ruwa da sabulu, a matse ba a murɗe ba, a bar shi ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. In aka bar shi a toshe, inji zai riƙa shan mai da yawa yana hayaƙi baƙi. In aka cire shi gaba ɗaya don a huta, kamar yadda wasu ke yi, yashi zai cinye zoben fistan cikin rani guda. Ƙaramin inji irin Honda GX160 baƙin mansa kusan lita 0.6 ne, kuma cikin ƙurar nan gara a canja shi duk awa 50 na aiki. Kafin a ja igiya a cika cikin famfon da ruwa, domin in ya juya a bushe na 'yan mintoci, abin da ke toshe bakin sandarsa zai ƙone ya fara yoyo. Da yamma kuma a kwance ƙusar ƙasa a zubar da ruwan da ya rage, musamman ga na kan tudu, saboda ruwa in ya daskare kumbura yake yi, yana iya tsaga jikin famfo.

An ba komaye ruwa tsakanin hantsi da azahar, har ya ratsa santimita 15 zuwa 20. Wannan shi ne rabin kariyar dare. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya shan zafin rana, da dare kuma a hankali take sakin sa ga shuka. Ban ruwan magariba ba ya wannan aiki, rana ba ta samu ta ɗumama shi ba, ga ganye ya kwana a jiƙe. Haka kuma ba a sassabe ko kaftu a ranar da ake zaton sanyi, ƙasar da aka tayar ta yi bururu ba ta riƙe ɗumi. Har ciyawar da ake shimfiɗawa a gindin shuka don tsare laima, mai amfani ƙwarai a watan Afrilu, a irin wannan dare cutarwa take yi: tana danne ɗumin a ƙasa, ganyen da ke samanta ya sha sanyi shi kaɗai. Sai a janye ta gefe da safe rana ta daki ƙasar, in ɗari ya wuce a mayar.

A bakin komaye biyu farin gishiri ya fara fitowa. Alamar ruwan da ake ba su kaɗan-kaɗan ne kullum, yana ƙafewa ya bar gishirinsa a sama. Sau ɗaya cikin mako biyu ko uku a cika komin maƙil, ruwan ya nutse da gishirin ƙasa da saiwa.

Igiyar awon rijiya ta nuna ruwa ya ja baya da kusan tafin hannu cikin mako. Rijiyoyin bakin Telwa duk abin da ƙoramar ta zubo tsakanin Yuli da Satumba suke ci, daga nan sai raguwa har wata damina. Injin tsotso kuma in zurfin ya wuce mita 7 zuwa 8 ba ya iya jawowa komai ƙarfinsa, sai a sauke shi cikin rijiya a kan dakali. Saboda haka ƙulli a igiya duk Juma'a ya fi zato. Shi yake faɗa ko za a ƙara dashen albasa ko a tsaya haka.

Bayan azahar dattijon da ke garkar gabas da mu ya leƙo, aka ɗora shayi. Har yanzu da raƙumi yake jan ruwa, da takarkart (katakon bakin rijiya mai gargaro da igiya ke bi) da wasaki, kuma alkamarsa ta fi ta kowa kyau a jerin nan. Ya dubi tumatirin ya girgiza kai.

"Ɗana, me ya hana ka tada hayaƙi jiya? Mu haka muka taras."

"Baba, hayaƙin ne ke tsare shuka, ko wutar da ke ƙarƙashinsa?"

Ya ce shi dai bai taɓa raba su ba. A nan muka ɗan ja. Abin da nake gani shi ne hayaƙi ba ya tare ɗumin ƙasa yadda gajimare ke yi, ɗan amfanin da ake samu daga zafin wutar ne, shi ma sai in ƙananan wutace ne da yawa a warwatse, ba babbar wuta ɗaya ba. Ga itace ya yi tsada, ga gawo da bagaruwa suna ƙarewa a kwarin nan. Amma ya faɗi wata magana da ba ta da ja: laifin na wanda ya dasa tumatir a kwari ne. Kwari na albasa ne da tafarnuwa da karas da kabeji da alkama, waɗanda ba su damu da raɓa ta daskare a kansu ba. Tumatir da tattasai da barkono da dankalin Turawa wurinsu tudu ne, ko gindin dabino, inda ganyen sama ke yi musu rufi. Ya ce mutanen Timiya, garin masu garka a cikin duwatsun Abzin, ba don ado suke shuka hawa-hawa ba, dabino a sama, lemu da rumman a tsakiya, kayan miya a ƙasa. Ya ƙara da cewa ba a fafe gora ranar tafiya, tun watan Oktoba ake shirya wa Janairu. Ya kuma ja kunne kan albasa: wadda aka dasa da wuri har wuyanta ya wuce kaurin fensir kafin ɗari ya kama, ko 'yar Galmi ce, sanannen irin albasar nan, sanyi zai sa ta fid da sandar fure, kan ya yi tauri, ba ya ajiyuwa.

Da la'asar iska ta sake kwantawa, aka shiga rufi. An kafa turaku masu tsayin santimita 60 a gefen kowane jeri, tazarar mita ɗaya da rabi, aka ja igiya a kansu. Tsofaffin buhuna da aka farke aka ɗinke huɗu-huɗu su aka yafa, bakinsu har ƙasa, aka danne da duwatsu. Saukar bakin har ƙasa shi ne asirin abin, domin ɗumin ƙasa ake son kamawa. Wanda ya ɗaure buhu a kan shuka kamar hula ya bar gindi a buɗe, aikin banza ya yi. Irin wannan rufi yana ƙara digiri 2 zuwa 3, kuma su ake nema. Leda ita kaɗai ba ta da kirki, duk ganyen da ya taɓa ta sai ya ƙone. In ita ce a hannu, a ɗora ta a bayan buhu ko tabarmar kaba. A ƙarƙashin rufin an jera jarkoki masu lita 20 da suka wuni a rana, ɗaya duk mita biyu. A rufe saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi, a buɗe da zarar hantsi ya dubi garka, in ba haka ba shukar ta gumu. Dankalin Turawa an tara masa ƙasa a gindi, ko ganyen sama ya ƙone zai sake tohowa, sai dai girbi ya ja baya.

A gida an duba ɗakin ajiya, wanda ke kan tudu, darasin ambaliyar da Telwa ta yi wa Agadas a farkon Satumba 2009. Dankali yana cikin kwanduna a duhu, nesa da albasa, saboda haske yana sa shi kore da ɗaci, laimarsa kuma tana ruɓar da albasa. Wake na cikin buhu mai ninki uku, kowace leda an ɗaure bakinta daban bayan an matse iska. Irin shuka na cikin kwalabe da toka. Ruwan gida ana lissafa lita 15 ga kowane mutum a yini, a tanadi na kwana uku aƙalla ko da inji zai tsaya. Faifan sola an share shi da busasshen ƙyalle mai laushi. Batiri yana rage ƙarfi cikin sanyi, don haka kada a bari ya zube ƙasa da rabi.

'Yan awaki biyar da aka haifa a makon nan an mayar da su ɗaki mai busasshiyar shimfiɗa, an tare gefen iska da zana, an bar sama a buɗe kaɗan don warin fitsari ya fita, shi ne ke jawo musu tari. Kaji kuwa wannan ne lokacin annobarsu ta Niyukasil. Rigakafin da ake ɗigawa a ido sai an maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu, kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta mako biyu.

Batun kaskon gawayi ba na gajiya da maimaita shi. A hura shi a waje har ya zama garwashi, a ɗumama ɗaki da taga a ɗan buɗe, a fitar da shi kafin kowa ya kwanta. Gubar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne alamarta, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya.

Bayan isha'i ma'aunin dabino ya nuna 11, na kusurwar gangare 8, ko ganye ba ya motsi. An tura ma'auni na uku ƙarƙashin buhunan jeri na uku, a gani da asuba nawa rufin ya riƙe.