Kabtin, Kilo 40 Abin Kunya Ne?

Bayan sallar isha'i wurin aikinmu yake cika. Gidan motsa jiki ne a kudancin Jidda, abin da mutanen nan suke kira nadi, kuma galibin yaran da ke zuwa 'yan unguwa ne: Hausawa haifaffun nan, da 'yan Sudan, da 'yan Yaman, da Larabawan gari. Duk mai koyar da ɗaga ƙarfe a ƙasar nan kabtin ake ce masa, har sunana na yanka ya kusa ɓacewa. Yaranmu da Larabci suke fara magana, sai abu ya taɓa zuciyarsu suke juyawa Hausa. Shi ya sa ran da wani ɗan shekara 15 ya biyo ni har inda muke jera faifan ƙarfe, ya sassauta murya ya ce, "Kabtin, don Allah, kilo 40 abin kunya ne?" na gane maganar ta daɗe tana cin sa.

Turin benci yake nufi. Mutum ya kwanta rigingine a kan benci, ya sauko da sandar ƙarfe zuwa ƙirjinsa, ya tura ta sama har hannuwansa su miƙe. A duk wasannin ƙarfe babu wanda samari suke auna mazantaka da shi kamar wannan. Ba wanda zai tambaye ka nawa kake tsugunawa da shi a kafaɗa, ko nawa kake cirowa daga ƙasa. Tambayar ɗaya ce kullum: nawa kake turawa a benci? Wannan yaro nauyin jikinsa kilo 56 ne, watansa huɗu da farawa, kuma yana tura 40 sau biyar ba tare da hannun kowa ba. A wayarsa kuwa yana ganin waɗanda ake cewa sa'anninsa ne suna wasa da 100.

Da a shekarata ta farko a aikin ya yi min wannan tambaya, da na ce masa ya ƙara himma kawai, tsararrakinsa sun yi masa nisa. Kafin na zo ƙasar nan dako na yi a kasuwa a Kano, ƙarfi ya zauna min a jiki tun ina saurayi, sai na ɗauka kowa haka ne, wanda ya kasa ragwanci ne ya kayar da shi. Da wannan tunani na kusa jawo wa wani gida makoki.

Wani yaro ne ɗan shekara 16, mai zafin nama, mai son a yabe shi. Iyakar abin da na taɓa gani ya tura da kansa shi ne kilo 65 sau uku. Wani dare abokansa suka kewaye shi, ya ce a sa masa 80. Na sa masa. Sandar ta sauka ƙirjinsa, ta taso kamar taƙi ɗaya, ta tsaya cak. Na sa yatsuna biyu-biyu a ƙarƙashinta na ɗan tallafa, ina ta faɗin "kai kaɗai ne, kai kaɗai ne," har ta hau. Aka yi shewa, aka ɗauki bidiyo. Ya tafi gida da yaƙinin cewa shi mai 80 ne. Kwana biyu bayan haka ya zo da la'asar, lokacin da wurin ba kowa, ni kuma na fita salla. Ya jera 80 shi kaɗai, ya ɗaure faifan da maƙalai a gefe biyu. Sandar ta danne masa ƙirji, ya kasa tura ta, ya kasa karkatar da ita faifan su zube saboda ya ɗaure su, ta fara gangarowa wajen wuyansa. Mai sharar wurin ne Allah ya kawo, ya ji gurnani ya ruga ya ɗaga gefe ɗaya. Yaron ya tsira da ciwon kafaɗa da ya hana shi ɗaga hannu na makonni.

Akwai wani dattijon kabtin ɗan Sudan da muke aiki tare a lokacin, mutum mai ƙarancin magana. Da ya kalli bidiyon daren farko sai ya kira ni gefe ya ce, "Ɗana, yatsunka ne suka yi wa yaron nan ƙarya." Ban yi barci ba a daren. Abin da mai tsaron sanda yake kira ɗan taɓawa yakan ɗauke kilo da yawa a daidai gaɓar da ta fi wuya, mai kwance kuma ba ya gani. Tun daga ranar, duk turin da hannuna ya taɓa sandarsa ba na ƙirga shi, kuma a gaban yaro nake faɗa masa ban ƙirga ba, ko da ransa zai ɓaci.

Dattijon nan shi ya koya min lissafin da nake amfani da shi har yau, wanda masu horarwa suka sani da sunan Epley. Ka raba yawan turin da 30, ka ƙara ɗaya, ka ninka da nauyin. Wanda ya tura 50 sau takwas, ƙarshen ƙarfinsa a turi ɗaya yana wajen 63. Yaron can mai 65 sau uku, lissafinsa bai wuce 71 da rabi ba, ni kuma na ɗora masa 80. Kintace ne, yana iya sauka ko hawa da 'yan kilo, kuma ba ya aiki sosai in turin ya wuce goma. Amma ya isa ya raba ni da buƙatar sa yaro gwajin ƙarshen ƙarfinsa kowane mako. Ina iya sanin inda yake ba tare da na kai shi bakin rami ba.

Shi kansa 100 ɗin da ke hana yaranmu sukuni, da na bi asalinsa sai na ga baƙo ne. A Amurka da fam suke awo. Sandarsu fam 45 ce, babban faifansu ma fam 45, don haka faifai biyu a kowane gefe suna ba da fam 225, wato kilo 102. Da wannan nauyi ake gwada 'yan ƙwallon Amurka masu neman shiga gasar NFL a taron tantancewa da ake yi a Indiyanafolis, a ga sau nawa kowa zai tura. Waɗannan ƙarti ne da suka gama jami'a ko suke dab da gamawa, sun shekara da shekaru a hannun ƙwararrun masu horarwa, da yawansu jikinsu ya haura kilo 100. Ma'aunin da aka yanka wa irin waɗannan shi ne ɗan aji uku na sakandare yake ɗora wa kansa. Sannan ga abin da bidiyo ba ya faɗa: wani ya dunguro sandar a ƙirjinsa ta yi tsalle, wani ya ɗaga ɗuwawunsa daga benci, wani bai ko kai ta ƙirji ba, wani faifansa na roba ne mai faɗi marar nauyi. Wanda ya yi da gaskiya ma, shi ɗaya ne cikin tarin yara, kuma don ya fita daban ne bidiyonsa ya zagaya duniya ya iso wayar ɗanka.

A gasar gaske ta hukumar IPF, wadda ke kula da wannan wasa a duniya, ba a yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba. Kai da kafaɗu da ɗuwawu suna manne da benci, tafin ƙafa yana ƙasa, sanda ta sauka ta tsaya a ƙirji har alƙali ya ba da umarnin turawa. Matasa daga shekara 14 zuwa 18 rukuninsu daban, kuma a cikinsu ma an raba su da nauyin jiki: kilo 53, 59, 66, 74, 83, haka har sama da 120. Masu shirya gasa sun san ɗan kilo 59 ba sa'an ɗan kilo 93 ba ne ko da ranar haihuwarsu ɗaya. Ko Julius Maddox, Ba'amurken da ya tura kilo 355 a 2021 ba tare da rigar tallafi ba, wato matsattsiyar rigar da ke taya mutum tura sanda, jikinsa kansa yana wajen kilo 200.

Don haka idan yaro ya tambaye ni ko ƙarfinsa ya yi, sikeli nake fara nuna masa. Abin da na gani a shekarun da na yi a nan shi ne, sabon shiga ɗan 14 ko 15 yakan fara da sandar kawai, wadda kilo 20 ce, wani ma sai an fara masa da ƙananan ƙarafan hannu. Cikin watannin farko nauyin yana hawa da sauri, domin jijiyoyi ne suke koyon aikin kafin tsoka ta ƙaru. Wanda ya riƙe zuwa sau biyu ko uku a mako yakan kai rabin nauyin jikinsa ya wuce, ya doshi kashi uku cikin huɗu. Tura nauyin jikinsa cif, turi mai tsabta, wannan aikin shekara ɗaya zuwa biyu ne ga yawancin waɗanda suka kai, kuma duk matashin da ya kai nan a wurina mai ƙarfi ne, ko nawa lambar take. Wanda ya kai ninki ɗaya da rabi kafin ya cika 18, irinsu a hannu ɗaya zan ƙirga su.

Shekarun takarda ma ba sa faɗin komai da komai. Yara biyu 'yan 15, ɗaya gemu ya fara tsiro masa murya ta buɗe, ɗayan har yanzu fuskarsa sumul. Sinadarin balaga shi ke gina tsoka, kuma kowa da lokacin da yake zo masa. Dogon yaro mai dogayen hannuwa tafiyar sandarsa ta fi nisa, gajere mai kaurin ƙirji kuwa tasa kusa ce. Na sha ganin dogon da ake yi wa dariya a benci ya bar kowa a baya wajen ciro ƙarfe daga ƙasa.

Iyaye kuma tsoronsu daban ne. Mahaifin mai tambayar kilo 40 ya zo da kansa wani dare, dattijo ne da ya daɗe a ƙasar nan. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, an ce min ƙarfen nan yana tsumburar da yaro, ya hana shi tsawo." Na ce, "Baba, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe da bayyana cewa horon ƙarfi ba ya hana girma in ana yi da kulawar wanda ya sani, da nauyin da ya dace. Abin tsoro shi ne yaro shi kaɗai da nauyin da ya fi ƙarfinsa, da kuma allura." Na tsaya a kan allurar, domin ita ce take ɗaga min hankali. Allurai da ƙwayoyin ƙara ƙwanji da ake raɗa wa samari a ɓoye su ne suke iya rufe gaɓoɓin girma na ƙashi kafin lokacinsu, yaro ya tsaya a tsawon da bai kamata ya tsaya ba, ban da illarsu ga hanta da zuciya da haihuwa. Yaron da aka cusa wa cewa 100 ce kaɗai lambar maza, shi ne mai saurin miƙa hannu in an nuna masa gajeriyar hanya. Dattijon ya yi shiru, ya ce, "To, amana ce na ba ka." Na ce na karɓa.

Abin da ya fi hana yaranmu ci gaba a nan sau da yawa ba a cikin nadi yake ba. Jidda gari ne na dare, balle a hutun bazara da watan azumi, yaro ya kwana a waya sai bayan asuba ya kwanta. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10. Ga abinci: shinkafa tuli, nama kaɗan, lemon kwalba a kai. Ɗan kilo 60 mai ɗaga ƙarfe yana buƙatar furotin wajen giram 95 a rana, ƙwai ɗaya kuwa furotin ɗin da ke cikinsa kusan giram 6 ne. Ba na tura kowa sayen garin furotin na gwangwani. Ful da tamis da safe, wato dafaffen wake da gurasa, ƙwai, laban wato nono, adas ɗan'uwan wake, kaza ko kifi, duk suna nan a unguwa da araha. A Ramadan bayan tarawihi muke horo, ina rage nauyi, kuma na hana gwajin ƙarshen ƙarfi sai bayan salla.

Dokokina a benci kaɗan ne kuma ba na sassauta su. Babban yatsa ya zagaye sanda. Ba mai kwanciya ƙarƙashin nauyi sai da mutum tsaye a kansa ko ƙarafan kariya a gefe. Wanda ya kuskura ya yi shi kaɗai, kada ya ɗaure faifai. Ƙari kuma da ƙananan faifai ne, kilo ɗaya da kwata a kowane gefe, waɗanda da farko yara suke jin nauyin a gan su da su. Kowa da littafinsa, yana rubuta rana da nauyi da yawan turi da nauyin jikinsa.

A daren da yaron ya yi min tambayar, littafinsa na ce ya ɗauko. Muka buɗe shafin farko, inda ya rubuta sanda kawai, kilo 20, sau shida, hannu yana rawa. Na ce ya lissafa 40 sau biyar da kansa. Ya danna waya, ya ce 46 da ɗoriya. Na ce ya raba da 56. Ya ɗago ya ce, "Kabtin, ya wuce kashi 80 cikin ɗari." Na ce, "A wata huɗu." Bai ce komai ba, ya mayar da littafin cikin jaka.

Yanzu shekararsa 17, ya ƙara tsawo har ya kere mahaifinsa, jikinsa kilo 66. Makon jiya ya ce yana son ya gwada, na duba littafin na ga lissafi ya ba shi dama. Muka jera 67 da rabi. Na tsaya a kansa, hannuwana a buɗe nesa da sandar inda kowa zai gani. Ya sauke ta, ta zauna a ƙirjinsa, na ce tura. Ta taso a hankali, ta ɗan tsaya a tsakiya inda ta saba tsayawa, sannan ta wuce. Ya tashi zaune yana haki, ya ce, "Ka taɓa?" Na nuna masa tafukan hannuna. Ya jawo jakarsa ya ciro biro.