Yadda muke auna buƙatun masu jinya a gidajen Zariya

Mu da ke bin marasa lafiya gida bayan sallama mun san cewa doguwar jinya a ɗaki ake yin ta. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki zai yi 'yan kwanaki a gadon asibiti, sauran watanni ko shekaru kuwa yana hannun matarsa, ko 'yarsa, ko matar ɗansa. Duk mai zuwa dubiya "ya mai jiki?" yake tambaya. Ita kuwa mai jinyar, sai an ware mata zama na musamman kafin a san halin da take ciki.

Aikin farko shi ne gano ainihin mai jinyar. Wanda zai tarbe mu a zaure galibi babban ɗa ne, mai sayen magani, kuma da gaskiyarsa zai ce shi ke kula da Baba. Sai mu tambaya: wa ya tashi da shi daren jiya? Wa ya wanke zanin gado? Nan sunan gaskiya ke fitowa. Wani lokaci yarinya ce 'yar shekara 13 ko 14 da ta daina zuwa boko da islamiyya, kuma babu wanda ya lissafa ta.

Muna neman izinin maigida, sannan mace daga cikinmu ta zauna da mai jinyar su biyu, minti 30 zuwa 40, da hantsi bayan an gama wa mara lafiya wanka. Kada a yi a gaban mai jikin ko uwar miji. Matar ɗa ba za ta taɓa cewa ta gaji a gaban surukarta ba. Ko su biyu ne ma, in aka ce "kin gaji?" amsar "Alhamdulillahi, ai lada ne" za a samu. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba a ƙaru da komai ba. Don haka muke cewa, "Hajiya, ba ni labarin jiya tun daga asuba." Muna rubuta sau nawa ta tashi cikin dare, awa nawa ta yi barci a jere, sau nawa ta ɗaga shi ita kaɗai, yaushe ta ci abinci, da rabonta da fita biki ko gaisuwar mutuwa.

Akwai ma'aunai da aka tsara don wannan aiki. Na Zarit yana da tambaya 22, kowace maki 0 zuwa 4, jimla 88, kuma yana da gajere mai tambaya 12. Yana nuna nauyin da ke kan mutum, amma ba ya faɗin abin da za a yi masa. Cikinsa akwai tambayar ko mai jinya na fatan wani ya karɓe ta, wadda a nan sau da yawa ake ji kamar zargi. Na fi son tsarin CSNAT na Ingila, wato ma'aunin gano tallafin da mai jinya ke buƙata, da ya fara da fanni 14, saboda ya raba buƙata biyu: abin da zai taimaka mata ta iya jinyar, da abin da ita kanta take buƙata. Kuma ita ke zaɓar wanda ya fi damun ta.

Bayan magana sai a ga aikin hannu, don a nan ake gano abin da baki bai faɗa ba. Mu ce ta juya shi mu gani. Da yawa suna jan hannun da ya shanye, abin da ke lalata kafaɗar mara lafiya, su kuma su samu ciwon baya saboda sunkuyawa kan katifar ƙasa. Zani a ƙarƙashinsa, mutum biyu su kama, ya fi sauƙi. Wanda ba ya motsi ana juya shi duk awa 2, a duba diddige, kwankwaso da ƙasan baya. A baƙar fata gyambon kwanciya ba lallai ya fara da ja ba. Wurin kan yi duhu, ko zafi, ko tauri. Mu ga yadda take ba shi koko: a zaune, ƙaramin cokali, ya ƙara minti 30 kafin ya kwanta. Tari yayin haɗiya alama ce ta a koma wa likita. Sai ta zazzage ledar magani ta faɗi lokacin kowanne.

Muna auna hawan jininta ita ma. 140/90 ko sama, in ya maimaitu a wata rana, sai mu tura ta asibiti. Muna tambayar ko cikin mako biyun nan ta rasa sha'awar abubuwan da ta saba, ko zuciyarta ta karaya. Sai kuɗi: famfas, safar hannu, sabulu, kuɗin mota daga cikin Birni zuwa asibitin Shika don gashin ƙashi, da sana'ar da ta tsaya har zubin adashi ya gagara.

Abu biyu ke ɓata aikin. In aka ga takarda da biro, gida ya ɗauka tallafi na tafe, don haka tun daga shigarmu gidan muke faɗin abin da za mu iya da wanda ba za mu iya ba. Na biyun ya fi muni: a kwashe abin da ta faɗa a asirce a zube wa dangin miji. Ita za ta zauna da su bayan mun tafi. Sai abin da ta yarda a faɗa muke kaiwa.

A ƙarshe ta zaɓi buƙata biyu kawai, mu zauna da 'yan uwa. "In sha Allah za mu taimaka" bai isa ba. Muna so a ambaci suna da rana: wane zai kwana da Baba daren Talata da Juma'a, wance za ta karɓi wanki. Muna dawowa bayan mako 2 zuwa 4 mu ga ko an cika, mu kuma sake aunawa duk lokacin da jikin ya canja, kamar in an sa masa robar fitsari ko ya fara ruɗewa cikin dare.