Gwajin hanta a Kumasi: abin da takardar ke faɗa da wanda ba ta faɗa

A Zango mun saba cewa muddin ido bai yi ɗorawa ba, hanta lafiya lau take. Ni idona fari tas yake ranar da na je ba wa ƙanwata jini za a yi mata aikin haihuwa, aka ce ba za a karɓa ba, in je in ga likita. Gwajin HBsAg ya nuna ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

A asibitin Komfo Anokye likita ya rubuta mini gwajin aikin hanta, wanda ma'aikata ke kira LFT. Ɗibar jinin ba wani abu ba ce: a ɗaure damtse da roba, a soka allura a lanƙwasar hannu, a cika 'yar kwalba mai murfi ruwan ɗorawa. Karanta sakamakon shi ne aiki.

ALT da AST ne a saman takardar. Sinadarai ne da ke zaune cikin hanta, sai ta ji rauni suke malalowa cikin jini, kamar man ja daga fasasshiyar jarka. Iyakar ALT takan kasance wajen 40, amma kowane ɗakin gwaji na buga tasa a gefen lambar. AST kuwa akwai shi a tsoka da zuciya, don haka mai dakon buhuna a kasuwar Kejetia na iya ganin nasa ya ɗan hau ba tare da laifin hanta ba. ALP da GGT sun fi nuna toshewar hanyar madaciya, bilirubin shi ke kawo shawara, albumin kuma hanta ce ke ƙera shi, idan ya sauka yana iya nuna ta fara gazawa.

Nawa duk suna cikin iyaka. Da na nuna wa yayata a Aboabo, sai ta ce, "To ai ka warke, Alhamdu lillahi, a bar yawon asibiti." Na ce, "Yaya, likita ya ce ba haka ba ne." Ƙwayar kan kwanta shekaru ALT bai motsa ba, sannan ta taso. Shi ya sa ya ƙara da gwajin ƙirga yawan ƙwayar a jini, wanda ya fi sauran cin sidi nesa ba kusa ba, da hoton ciki, ya ce kuma a sake HBsAg bayan wata 6. Idan yana nan, ƙwayar ta zauna ke nan, sai bibiya. Ba kowa ake ɗora wa tenofovir, maganin danne ƙwayar, ba, sakamako ne ke yanke hukunci.

Tambayar da ya fi nanatawa ita ce me nake sha. Ba giya kaɗai yake nufi ba. Jiƙon kwalba da ake tallarsa a tasha, maganin basir, maganin ƙarfin maza, da farasitamol da muke haɗiya kamar gyaɗa alhali babba bai kamata ya wuce giram 4 a yini ba. Ya ce in guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna. A ganina, ɓoye wa likita jiƙon da kake sha ɓarnar kuɗin gwaji ce kawai.

Maiɗakina da yara an gwada su. Yaran sun samu rigakafi tun suna jarirai, domin Ghana ta sa shi cikin allurar yara tun 2002. Ita ba ta da ƙwayar, aka fara yi mata allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta ƙarshe a wata na 6.