Shekara shida ina jan motar Alhaji

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa makulli. Mercedes ce S-Class, baƙa wuluk, shekara shida tana hannuna. Mai cewa mota duk mota ce tunda taya huɗu gare ta, bai taɓa zama a cikin irin wannan ba. Ka rufe ƙofa a Ahmadu Bello Way da tsakar rana, hon ɗin 'yan Keke ya ɗauke ɗif. A hanyar Zariya sai ka kalli allo ka ga ka haura 140 ba ka ankara ba, Alhaji na baya yana sharar barci.

Wannan laushin duk iska ce. Motar a kan jakunkunan roba take zaune, wani ɗan famfo yana hura musu iska. Roba kuwa tsufa take yi, balle ga zafinmu ga ramukanmu.

Wata safiya na tarar gabanta na hagu ya ɗan sunkuya, da na tayar da inji sai ya miƙe. Na gaya wa manajan gidan, tunda kuɗin sabis a hannunsa yake. Ya ce, "Malam, direba kake ko injiniya? Kai ta wajen yaron nan ya duba." Yaron ya jona kwamfuta, ya goge fitilar gargaɗi, ya karɓi kuɗinsa. Na san ba a yi gyara ba, sarai na sani. Na ja bakina na yi shiru don kada a ce ina neman na cefane a kuɗin gyara, zargin da kowane direban gida ya san ɗacinsa.

Jaka na yoyo, famfo na aiki ba hutu, har ya ƙone. Ranar ɗaurin auren 'yar ƙanin Alhaji, muna gangarowa daga gadar Kawo, motar ta durƙusa kamar raƙumi. Alhaji ya tattare babbar riga ya koma motar da ke bin mu. Ko uffan bai ce mini ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kwana 19 ta yi a gareji. Muka karaɗe kasuwar Panteka ta Kaduna ba a samu famfon ba, sai daga kasuwar Ladipo ta Legas aka aiko, na farkon ma ɗan Beljiyam ne da ya riga ya gaji, aka mayar. Manaja ya rantse ban taɓa faɗa masa komai ba. Albashina na wata biyu ya tafi a wannan gyaran, matata na da tsohon ciki.

Tun daga nan ko ƙara na ji a taya, Alhaji nake tura wa saƙo ta WhatsApp kai tsaye. Baƙin mai ni nake sayowa a rufe, a gabana ake zubawa. Matatar iska ina duba ta duk hunturu. Da damina ba na tsoma ta a ruwan da ban ga ƙasansa ba. Idan Alhaji ya yi tafiya ina zagayawa da ita, don in ta daɗe a ajiye batirinta ke mutuwa.

Shekara huɗu bayan nan ba ta sake tsayawa a titi ba ko sau ɗaya. Ba wanda ya taɓa ambatar hakan, kuɗina ma ba a dawo mini da su ba. Manaja na nan daram.

Jiya sabon direban ya kira ni, wai bayan motar yana sauka da asuba. Na ce ya ɗauki hoto ya tura wa Alhaji, kada ya bi ta ofis.