Daga "Likitan Ƙauye" Zuwa Mataimakin Likita a Amurka

Shekara shida na yi a wani ƙaramin asibiti a karkarar Katsina, kuma duk tsawon lokacin da wuya ka ji an kira ni da sunana. Likita ake ce min. Takardar da ke hannuna kuwa ta ma'aikacin lafiyar al'umma ce, wadda muke kira CHEW, sai digirin nazarin halittu da na ƙara daga baya. Amma babu likita a kusa, babban asibiti tafiyar awa guda ce a babur in hanya ta yi kyau. Don haka zazzaɓi ni, gudawa ni, saran maciji ni, har ɗinkin wanda fartanya ta sara a gona. Idan ciwo ya shige min duhu ba na bari a gani a fuskata, domin mara lafiyan da ya ga shakka a idonka, wajen mai tallan magani a kasuwa zai nufa.

Cacar biza ce ta kai ni Amurka. Aikina na farko a gidan kula da tsofaffi ne: wanka, canza zanin gado, gwajin hawan jini, juya wanda ba ya iya juyawa don kada bayansa ya yi gyambo. A nan na lura da wata mata da ke zuwa duba marasa lafiya, tana sa a yi gwaji, tana rubuta magani, amma ba likita ba ce. PA ake ce musu, wato mataimakan likita. Da na bi tarihin aikin sai jikina ya yi sanyi. A 1965 Dokta Eugene Stead ya buɗe ajin farko a Jami'ar Duke da ke Karolina ta Arewa, da tsofaffin ma'aikatan jinya huɗu na sojan ruwa, mutanen da hannunsu ya saba da rauni da jini amma ba su da takardar da za ta ba su damar aiki a asibitin farar hula. Rukunin farko sun kammala ranar 6 ga Oktoba, 1967. Na ce a raina, ai ni ake nufi.

Shiga ba ta zo da sauƙi ba. Karatun na digiri na biyu ne, kuma yawancin makarantu ta wata manhaja guda ake nemansu, CASPA, wadda ake buɗewa a ƙarshen Afrilu. Na biya aka tantance sakamakona na gida, duk da haka makarantun da nake so suka ce sai na sake darussan share fage a can: ilimin sinadarai, sassan jiki, aikin gaɓoɓi, ƙwayoyin cuta. Shekara biyu ina tashi daga aiki in wuce ajin dare. Suna kuma son awannin da ka yi kana taɓa marasa lafiya da hannunka, wasu 1,000, wasu 2,000. Wata makaranta ta ƙirga shekaruna shida na Katsina, wata ta ce sai aikin da aka yi a Amurka. A shekarar farko na watsa kuɗi a wurare tara ban tambayi kowa ba, kuma babu wanda ya kira ni. Duk mai shirin wannan hanya da takardun waje, ya rubuta wa kowace makaranta ya ji sharaɗinta kafin ya biya ko sisi. A shekara ta biyu wurare huɗu na nema, biyu suka kira ni hira, ɗaya ta ɗauke ni.

Wata 27 ne karatun. Kusan rabin farko a aji ake yi, daga safe zuwa la'asar, jarrabawa kusan kowane mako. An gaya mana tun ranar farko cewa aiki da wannan karatu ba sa haɗuwa, kuma gaskiya suka faɗa. Albashin maiɗakina da bashin karatu ne suka riƙe gidan. Maganar ruwan da ke kan bashin ta hana ni barci ba sau ɗaya ba, har yau kuma ina biya.

Ranar da aka kai mu ɗakin gawarwaki ba zan manta ba. Na sha yi wa mamata wanka a ƙauyenmu, na san nauyin sutura da gaggawar kai mutum makwancinsa. Ga shi an miƙa min wuƙar tiyata a kan wani dattijo da ya ba da jikinsa da kansa don a yi karatu. Hannuna ya ƙi motsi. Malamar ta matso ta ce, ka ɗauki lokacinka, wannan shi ne mara lafiyanka na farko. Na yi bismillah a zuciyata, na rufe masa fuska da sassan da ba ma aiki a kansu, sannan na fara. Har muka gama ban taɓa barinsa a buɗe ba, kuma 'yan rukunina suka ɗauki ɗabi'ar ba tare da na roƙe su ba.

Akwai kuma jarrabawar da ake kawo mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya, su ba ka maki bayan kun gama. Wata tsohuwa ta rubuta cewa tambayoyina sun yi daidai amma ta ji kamar ina ɓoye mata wani abu, don ban kalli idonta ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ladabi nake yi. A gidanmu yaron da ke ƙura wa sa'ar uwarsa ido fitsararre ne. Na ɗauki watanni ina koyon ɗaga kai.

Sai shekarar asibiti, awa wajen 2,000, ana zagayawa da kai sashe-sashe na makonni huɗu zuwa shida: likitancin iyali, cututtukan manya, yara, mata da haihuwa, tiyata, lafiyar ƙwaƙwalwa, gaggawa. Kowane zagaye da jarrabawarsa a ƙarshe. A nan na ɗauka zan huta, tunda na riga 'yan ajinmu ganin marasa lafiya da dubbai.

A sashen gaggawa, wani dare, aka ba ni wata mata mai shekara hamsin da wani abu, mai ciwon suga, tana kukan zafi a saman ciki da tashin zuciya. Irinta na gani ba adadi. Cikin minti biyar na koma wajen wadda ke kula da ni na ce gyambon ciki ne, a ba ta maganin rage tsamin ciki. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, faɗa min abu uku da za su iya kashe matar nan kafin gari ya waye, da yadda ka tabbatar ba su ba ne. Na yi shiru. Ta sa aka liƙa wa matar wayoyin awon bugun zuciya nan take. Da takardar ta fito, ko ɗalibin wata uku zai karanta ta: jijiyar zuciya ce ta toshe. Mata da masu ciwon suga sukan zo da toshewar jijiyar zuciya ba tare da ciwon ƙirjin da aka saba ji ba. Na karanta wannan, na ci shi a jarrabawa, amma tsohuwar ɗabi'ata ta riga ilimin isa bakina. Aka garzaya da ita aka buɗe jijiyar, ta rayu.

Da na idar da sallar asuba a motata, ban iya tada ta ba. Ba matar nan kaɗai nake tunani ba. Fuskokin mutanen da na sallama da maganin olsa a Katsina ne suka riƙa dawo min, waɗanda ban sake ganinsu ba, na ɗauka warkewa suka yi. Ba mu da na'urar awon zuciya a can, wannan gaskiya ne. Amma ko tunanin tura su babban asibiti ban yi ba, saboda an ce min likita, ni kuma na yarda. Daga ranar na fara rubuta jerin abubuwan da ciwo zai iya zama kafin in buɗe baki, mafi haɗari a sama, kuma na koyi furta kalmomin da shekara shida ban furta ba: ban sani ba, bari in tambaya.

Bayan kammalawa na zauna jarrabawar ƙasa, PANCE, tambaya 300 cikin awa biyar, kashi biyar na sittin-sittin. Allah ya ba ni sa'a. Ba a nan karatu ke tsayawa ba, domin duk shekara biyu sai ka cika awa 100 na ƙarin ilimi, duk shekara goma kuma a sake gwada ka.

Abin da na taho da shi daga gida bai tashi a banza ba. Bara aka kawo wani dattijo da zazzaɓi da rawar sanyi, an riga an yi masa gwajin mura ba a ga komai ba. Ina shiga na ji yana salati yana yi wa ɗansa magana da Hausar Zango. Na durƙusa gefen gadon na ce, "Baba, sannu da jiki. Yaushe rabonka da gida?"

Ya buɗe ido ya kama hannuna. "Ɗana, kai Bahaushe ne? Sati biyu ke nan da na dawo daga Kumasi."

Bai sha maganin rigakafi ba, don a ganinsa sauron garinsu ya san shi. Mutanenmu da yawa ba su san cewa ɗan juriyar da jiki ke da ita tana gushewa in an daɗe a waje ba. Na sa aka duba jininsa a madubin gwaji, zazzaɓin cizon sauro ne, irin mai tsananin nan. Na san maganin tun kafin sakamakon ya iso, amma ƙodarsa ta fara nuna alamar gajiya, kuma yana shan maganin zuciya.

Ya ce, "To likita, me za ka ba ni?"

Na ce, "Baba, ni ba likita ba ne, mataimakinsa ne. Na san ciwon, amma akwai abin da nake so mu duba tare da shi game da ƙodarka kafin a sa maka komai."

Ya gyaɗa kai, bai saki hannuna ba. "To kira shi, ɗana. Ina nan."