Bayan an gama rabo, wa ke komawa ya duba?

A ranin da ya wuce na je gaida wani kawuna da ke noman albasa a fadamar da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Muna zaune a zaure sai idona ya kai kan wani injin ban-ruwa da aka jingine a lungu, an rufa masa tsohon buhu, ƙura ta lulluɓe shi. Na tambaye shi labarinsa, sai ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, injin dai sun ba mu, hoto ma sun ɗauka, amma tun rad da sunka tahi babu wanda yad dawo yat tambaye mu ko shina aiki." Shekara ɗaya ya yi yana amfani da shi, wani ƙarfe ya lalace a ciki, aka neme shi har cikin garin Sakkwato ba a samu irinsa ba, daga baya kuma tsadar fetur ta sa ko maganar gyaran ya daina. Na tabbata a wani ofis akwai takardar da ke ɗauke da sunan kawu cikin jerin waɗanda suka ci gajiyar shirin raya noman da ya raba injin, kuma an lissafa shi cikin nasarorin da aka samu.

Ba yau muka fara ganin shirye-shiryen raya noma da ƙananan sana'o'i a wannan yanki ba. Tun a tsakiyar shekarun 1970 aka kafa aikin raya noma na Gusau da rancen Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gombe. An yi shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, aka yi na juyin noma a zamanin Shehu Shagari, aka kafa DFRRI, hukumar samar da abinci da hanyoyi da ababen more rayuwa a karkara, a 1986, aka yi shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida, sannan shirin noman rani na Fadama kashi-kashi tun daga farkon shekarun 1990, sai rabon taki ta wayar salula a 2012, har zuwa rancen manoma na Babban Bankin Nijeriya. Duk da haka, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton talauci na 2019, Sakkwato ce ta zo ta farko, da kusan kashi 88 cikin ɗari na mutanenta cikin talauci, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40 ne. A rahoton 2022, wanda ya haɗa da ilimi da lafiya da yanayin muhalli, adadin namu ya haura kashi 90.

Mai saurin hukunci zai ce shi ke nan, shirye-shiryen ba su tsinana komai ba. Ni ban yarda da wannan ba, domin mai yiwuwa ne da ba a yi su ba halin da muke ciki ya fi haka muni. Haka kuma ban yarda da mai cewa sun yi nasara don kawai ya karanto mana yawan buhunan da aka raba ba. Dukansu biyu suna magana ne ba tare da awo ba, kuma abin da ke damuna shi ne mun shafe kusan shekara hamsin muna kashe kuɗi, wasunsu rance ne da za a biya, ba tare da mun saba da komawa mu auna abin da ya canza a gidan manomi ba.

Rahotannin da aka saba rubutawa lissafin rabo ne: injuna kaza, buhun taki kaza, mata kaza da aka horar aka ba keken ɗinki. Wannan lissafi yana da amfaninsa wajen gane ko kayan sun fita daga sito, amma bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato da ba a yi shirin ba, me zai faru da mutanen nan? A ce manomin albasa ya sami naira dubu ɗari biyar kafin shiri, bayan shiri ya sami miliyan ɗaya. Kafin a buga ganga sai a tuna cewa an cire tallafin fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, darajar naira ta faɗi, kuɗin taki da na lebura da na mota duk sun ninka, ta yadda miliyan ɗin ba lalle ta sayi geron da dubu ɗari biyar ta saya a da ba. A tuna kuma cewa farashin albasa da tafarnuwa yana bin halin da iyakarmu da Nijar ta Illela take ciki. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Damina ma tana da nata hukunci. Idan maƙwabcinsa da bai shiga shirin ba shi ma kuɗinsa ya ninka, to kasuwa ce ta yi aikin. Saboda haka masana awon tasiri suke dagewa a kan a riƙa bin rukuni biyu, waɗanda suka samu da waɗanda ba su samu ba, tun kafin a fara har bayan an gama.

A nan ma akwai tarko, domin kowa ya san yadda suna yake shiga jerin sunaye a wurinmu. Wanda ke kusa da kansila ko mai unguwa, wanda ke da waya da asusun banki, wanda gonarsa ke bakin kwalta, shi ne kan gaba, kuma irin wannan mutum ko babu shiri dama ya fi na cikin lungu hali. Idan aka kwatanta shi da wanda bai samu ba, za a ga tazara, a ɗora ta a kan shirin, alhali tun can tana nan. Akwai misali guda a ƙasar nan da aka kauce wa wannan tarko. A gasar YouWiN ta 2011, wadda gwamnatin tarayya ta shirya don ba matasa jarin sana'a, mutum kusan 24,000 suka nema, aka ba 1,200 jari, kuma fiye da rabin waɗannan ta hanyar ƙuri'a aka fitar da su daga cikin waɗanda suka tsallake tantancewa. Da yake sa'a ce kawai ta raba waɗanda suka samu da waɗanda suka rasa, masu binciken Bankin Duniya sun bi su shekara uku, suka tabbatar cewa waɗanda aka ba jarin sun fi ɗorewa kuma sun fi ɗaukar ma'aikata. Wasu za su ce ƙuri'a ba adalci ba ce. Ni kuwa ina ganin idan masu cancanta sun fi kayan yawa, ta fi takardar ɗan siyasa adalci nesa ba kusa ba.

Darasi mafi ɗaci a wannan fage a ƙasarmu aka koye shi. Madatsar ruwan Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda a lokacin take cikin Jihar Sakkwato, an kammala ta a 1978 da burin noman rani na zamani a dubban kadada. Manoman da ruwa ya ci gonakinsu da garuruwansu sun yi ta kukan diyya, har suka tare hanyoyin aikin, kuma a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka. Wannan ɓangaren an san shi. Wanda ba a cika faɗa ba shi ne na mutanen da ke ƙasa da madatsar, waɗanda tun kaka da kakanni ambaliyar Gulbin Sakkwato ce ke jiƙa musu fadama su shuka shinkafa, su yi lambu da rani, su kama kifi. Da aka tare ruwan sai ambaliyar ta ragu, shinkafa ta ja baya, wasu suka koma gero da dawa, masunta suka rasa abin yi. Binciken da aka yi daga baya ya nuna asarar tasu babba ce, amma da yake suna wajen iyakar aikin a taswira, babu wanda ya sa su cikin lissafin riba da asara tun farko. Duk wanda zai auna aikin madatsar ruwan Goronyo ko gyaran magudanan da aka yi a Bakolori da tsakiyar kwarin Rima a 'yan shekarun nan, wajibi ne ya gangara da ƙafarsa har inda ruwan yake ƙarewa.

Fadama ta farko ma, wadda nake ganin tana cikin shirye-shiryen da suka bar alama a fili, tana da irin wannan inuwa. Ita ce ta yaɗa ƙananan rijiyoyin bututu da injin fetur a inda dā jigo ake ja, kuma mutum ɗaya ya koma shayar da filin da dā sai gayya. Amma faɗaɗar lambuna ta toshe wa makiyaya burtali da mashaya a wurare da dama, abin da ya sa kashi na biyu na shirin ya shigo da makiyaya da masunta cikin ƙungiyoyin masu amfani da fadama.

Rancen manoma da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwambar 2015 ya ci fiye da naira tiriliyan ɗaya, kuma a Janairun 2022 an tara dalar shinkafa a Abuja don nuna nasararsa. Dala tana nuna akwai buhuna, amma ba ta faɗin nawa ne daga ciki dama za a noma ko babu rancen. Kaso mai yawa na kuɗin bai dawo ba, sai dai kalmar "ba su biya ba" ta haɗa mutum uku mabambanta: wanda ambaliya ta cinye gonarsa, wanda ya ɗauki kuɗin a matsayin rabonsa na arzikin ƙasa, da manomin takarda wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Maganin kowannensu daban ne, kuma sai an je an tantance yawan kowane kashi kafin a san ko tsarin ne ya gaza ko masu rubuta suna.

Awon ƙananan sana'o'i ya fi na gona wuya. Matar da aka ba naira 10,000 na TraderMoni, rancen gwamnati ga ƙananan 'yan kasuwa, a 2018, ko keken ɗinki, ko injin markaɗe, ba ta raba kuɗin sana'a da na cefane. Yaro ya yi zazzaɓi a taɓa jari, biki ya taso a taɓa, zubin adashi ma daga nan yake fita. Idan baƙo ya zo da takarda ya tambaye ta ribarta, za ta rage, ko don kada a cire sunanta a rabo na gaba, ko don gudun bakin mutane, ko kuwa ta ƙara don ta faranta wa wanda ya ba ta. Matan da ke cikin kulle kuwa sai mace 'yar'uwarsu ce za ta iya shiga ta ga ko keken yana nan ko an sayar. Ga kuma matsalar tsaro: mai bincike ba zai shiga ƙauyukan Isa ko Sabon Birni cikin sauƙi ba, sai ya tsaya a Kware ko Bodinga, rahoto kuma ya fito da sunan jiha baki ɗaya.

A ganina tambayoyin da suka fi fito da gaskiya su ne waɗanda manomi da kansa yake auna shekararsa da su. A wane wata rumbu ya ƙare, aka fara awo a kasuwa? An sayar da albasa a bakin gona da arha don biyan bashin dillali, ko an iya ajiye ta a rudu, wato ma'ajiyar albasa ta gargajiya, har ta yi daraja? Samari nawa suka tafi cin rani? An sayar da akuya ko an ƙaro? Waɗannan abubuwa ne da mutum yake tunawa daidai, maƙwabci ma zai iya gaskata su. Masu yin tambayar kada su zama ma'aikatan shirin, domin ba a sa mutum ya duba jarrabawar kansa. Muna da malamai da ɗalibai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da suka san harshen da ƙauyukan. A ware kuɗin wannan aiki tun a kasafin farko, a dawo bayan shekara biyu ko uku, sakamakon kuma a karanta shi da Hausa a rediyo, mai daɗi da marar daɗi.

Kafin in yi sallama na tambayi kawu abin da zai zaɓa da an nemi shawararsa. Bai yi dogon tunani ba ya ce ruwa bai taɓa zama babbar matsalarsa ba, domin yana hayar injin maƙwabcinsa idan ya matsu. Abin da ke cin ransa shi ne albasar da ke ruɓewa a rudu tsakanin bazara da damina, da hanyar da mota ba ta iya bi idan ruwa ya sauka. Ya ce kowace shekara yakan ƙirga buhunan da ya zubar a bayan gari, kuma adadin na shekara shida yana nan a kansa, da wani zai zo da biro ya rubuta.